Ƙafar Ramlat

Ranar Talatar farko ta kowane wata, Ramlat kan gama da Umma tun rana ba ta yi zafi ba. Ta wanke ta, ta shafe ta da man kwakwa, ta sauya bandejin gyambon da doguwar kwanciya ta fasa mata a ƙugu, ta taje 'yar furfurar da ta rage, ta sa mata farar riga. Sai ta kwashi bokiti da tsummoki ta fice ta ƙofar baya. Da ƙarfe goma motar masu duba majinyata a gida za ta tsaya a bakin shinge, daga nan kuma ɗakin ya tashi daga nata sai sun tafi.

"Itha, a ɗora shayi," in ji Subaida, matar yayanta Biran, tana gyara mayafi a gaban madubi. "A soya ayaba ma. Wancan watan Sista har biyu ta ci."

Itha, wato yaya. Haka Subaida ke kiranta kullum, da ladabi kamar gaske.

A wannan yanki na Malappuram baƙo ba ya shiga gida ya fita bai sha shayi ba, shayi kuwa sai wani ya tsaya a bakin murhu yake samuwa. Shekara shida ke nan tsayuwar ta Ramlat ce.

Akwai wata 'yar taga tsakanin kicin da ɗakin Umma, ba ta nuna komai sai ƙarshen gado. Ta nan Ramlat ke hango Sista Lilamma, nas ɗin yankin, ta zauna ta ɗauki ƙafafun Umma ta ɗora a cinyarta. Ta matsa dunduniya, ta buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya, "Nan fa, Umma? Kina ji?" Ƙafafu ne da suka shekara shida ba su taka ƙasa ba, sumul kamar na jinjiri. Ramlat ta sunkuya ta dubi nata a kan siminti, duk faso, sai kishi ya taso mata. Ta san abin kunya ne mace mai shekara hamsin da biyu ta yi kishin uwarta da shanyewar jiki ta kwantar. Ta yi istigfari. Abin yana nan inda yake.

"Kai, Subaida, hannunki da albarka yake," muryar Sista ta ratso tagar. "Gida arba'in nake zagayawa, ban ga gyambon da ake kula da shi kamar wannan ba. Dubi yadda yake fid da sabon nama."

"Muna dai ƙoƙari, Sista. Uwa ce ai."

Mai ya fantsamo daga kasko ya ɗiga wa Ramlat a hannu. Ba ta ko goge ba.

A littafin Sista, a layin da ake sa sunan mai jinya, sunan Subaida ne. Biran ne ya bayar da shi tun zuwan farko, a baranda, inda maigida ke amsa tambayar baƙi. Ɗan tallafin da hukuma ke ba mai jinya ma da wannan sunan yake zuwa, in ya zo. Ranar da Ramlat ta yi maganar, cewa ya yi, "Ke da ko asusun banki ba ki da shi? Kuma ai tukunya ɗaya muke ci. Suna ne kawai a takarda." Matar da aurenta ya mutu ta dawo gidan ubanta ba ɗa ba jika, ba ta ja da wanda ke sayen shinkafa.

Shi Biran kullum bayan karin safe yakan tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga, ya ce, "Umma, yaya ƙarfin jiki?" Fuskar tsohuwa ta washe, ɓarin da ke motsi ya yi murmushi.

"Ɗana. Allah ya yi maka albarka. Allah ya haskaka goshinka." Duk wanda ya zo dubiya sai ya ji labarin katifar iska da Biran ya ɗauko mata tun daga Riyad, wadda ke kumbura tana sacewa da kanta. Wanda ke juya ta a kan katifar duk bayan awa biyu, ba wanda ya taɓa jin labarinsa. Ramlat na tsugune da kwanon fitsari a hannu albarkar ke wucewa ta saman kanta.

Farkon damina ta taka fasasshen ɓawon kwakwa a bayan rijiya. Ba ta ma san ta taka ba sai da Subaida ta ƙwala ihu.

"Wa ya yanka kaza a falo? Itha! Dubi tayil ɗin nan!"

Ramlat ta ɗaga ƙafar hagu, ga yanka a ƙarƙashin babban yatsa, jini na bin tafin ƙafa, ita kuwa ko ɗis ba ta ji zafi ba. An daɗe da gaya mata tana da ciwon suga. Ƙwayoyin kan ƙare, wani lokaci a sayo, wani lokaci a manta.

Bayan mako guda yankan bai rufe ba, ya yi baki fari-fari. Ta tari Biran yana sa takalmi zai tafi shagonsa.

"Ikka," ta ce, wato yaya namiji, "ƙafar nan ta ƙi kamewa. Ko zan je asibiti?"

"Ɗan yankan nan? Kurkum da man kwakwa, kwana uku ya wuce. Kin san layin asibitin gwamnati, yini guda ne cur. Wa zai juya Umma? Bari ruwan nan ya ɗauke, ni da kaina zan kai ki."

Ruwan damina a ƙasar nan ba ya ɗaukewa sai ya yi wata uku, kuma Biran ya fi kowa sani.

Washegari da ta gama ɗaure wa Umma, ta daɗe tana kallon kwalin bandejin da Sista ke bari na wata guda. Fari ƙal, mai laushi, kowanne a ledarsa. Ta zaro ɗaya ta sa a aljihu, tana waige-waige kamar wadda ta saci zinariya. A bayan rijiya ta wanke ciwon da ruwan gishiri, ta ɗaure shi yadda take ɗaure na Umma, ta saki doguwar rigarta ta rufe. Bayan kwana biyu ta sake zarowa.

Da Talatar wata ta zagayo, Sista ba ita kaɗai ta zo ba. Tana tare da wata budurwa mai tabarau, Devika, daga jami'a. Ta ce bincike suke yi gida-gida, su gano abin da doguwar jinya ke ci wa iyalai da abin da mutanen yanki ke buƙata, don hukuma ta san inda za ta zuba kuɗi. Biran ya sa aka fito da kujerun baranda masu kyau. Ramlat ta kawo faranti har bakin labule, Subaida ta karɓa daga nan. Ita ta tsaya a baya, ta jingina da bango don ƙafar ta huta.

"Mutum nawa ne a gidan nan ke buƙatar kulawa ta kullum?"

"Ɗaya. Mahaifiyarmu."

"Akwai mai suga ko hawan jini?"

"Alhamdu lillahi, gidanmu ba irin wannan," in ji Biran da sauri. An sa ranar auren 'yarsa, dangin ango kuwa masu bin diddigin cutar gida ne.

"Kun taɓa ɗaukar mai jinya ta haya?"

Biran ya yi dariya har da buga gwiwa. "Ta haya? 'Yata, kin san abin da suke karɓa? Albashin malamin makaranta, ga ci ga sha, ga waya a kunne yini guda. Mu ba ma miƙa uwarmu ga bare. Rubuta wannan, ki ja layi a ƙarƙashi."

Ya lissafo mata katifa, da magani, da robar fitsari, da motar da ake ɗauka in za a ga likita. Devika na ta rubutu. Can ta ɗago.

"Shi aikin jinyar kansa fa? Wanka, juyawa, ciyarwa. Me yake ci muku?"

"Wannan ba ya cin komai. Na gida ne."

A bayan labule Ramlat ta ji ƙafarta na bugawa kamar an sa mata wata zuciya a ciki.

Da Sista ta shiga ɗaki ta buɗe kwali, sai ta tarar da shi wayam. Ta juya shi, ta kaɗa.

"Subaida, na bar na wata guda har da ƙari. Gyambon nan raguwa yake yi, ba ƙaruwa ba. Ina sauran?"

Subaida ta daburce. "Wallahi, Sista... wani lokacin Itha kan taya ni, ita kuwa hannunta a sake yake."

Sista ta dube ta jim kaɗan, ta cika kwalin.

Motar ba ta gama juyawa ba Subaida ta faɗo kicin.

"Kin ga irin kunyar da kika ba ni? A gaban 'yar jami'a! Kayan Umma ne, Itha, na majinyaci ne. Da sunanta aka rubuto."

"Ni kuma da sunan wa aka rubuto ni?"

"Au, abin har ya kai nan? To ki tambayi yayanki."

Daga ranar kwali ya koma cikin kabad ɗin Subaida. Kowace safiya ta miƙo guda biyu ta bakin ƙofa, kamar mai ba da sadaka. Ramlat kan riƙe su a hannu ta dubi ƙugun Umma, ta dubi ƙafarta. Kullum Umma ce ke samu. Ita ta yayyaga tsohon mayafinta, ta tafasa, ta shanya a bayan kicin inda ba a gani. Da damina ba abin da ke bushewa. Haka take ɗaurawa da danshinsa.

Gidan ya cika da hidimar biki. Aka yi fenti, aka kawo maƙerin zinariya har falo da ɗan ma'auninsa, mata suka zagaye shi suna gwada awarwaro. Aka yi cinikin mai dafa shinkafar biriyani na mutum ɗari shida. Ramlat ta wuce su da bokiti, tana jan ƙafa, kowa ya matsa mata hanya ba tare da ya ɗago ba. Takalminta ya daina shiga. Kumburin ya haye idon sawu. Babban yatsan ya yi shuɗi, daga baya ya koma baƙi.

Wata rana da hantsi tana ba Umma kunun shinkafa, cokali-cokali, zazzaɓi na kaɗa ta, sai ta ji bakinta ya suɓuce.

"Umma, ƙafata na ciwo."

Tsohuwa ta haɗiye da ƙyar. "Ke da kike takawa? Gode wa Allah, mole, 'yata. Da ni ce ke da ƙafar da ke ciwo tana tafiya..." Ta lumshe ido. "Biran ya ci abinci kafin ya fita? Yaron nan ya rame da hidima."

Ramlat ta ajiye cokalin. Ta ɗora tafin hannunta a gefen katifar, ta ji tana kumbura tana sacewa a hankali kamar ƙirjin mai barci. Ta yi tunanin da a ce ita ce a kai, ko na yini ɗaya. A wanke ta, a juya ta, a tambaye ta ina ke ciwo, a rubuta amsarta a littafi. Ta tsorata da kanta, ta janye hannun. Ta ɗauki cokali ta ci gaba.

Da yamma ta tare Biran a baranda. Wannan karon ba ta yi bayani ba, ɗage rigar kawai ta yi ta warware tsumman. Ya kalla sau ɗaya ya kau da kai, ya toshe hanci da gefen mayafin kafaɗarsa.

"Rufe, rufe! Haba Ramlat, me ya sa kika bari ya kai haka?"

"Na gaya maka tun farkon ruwa, Ikka."

"To yanzu ya kike so in yi? Saura sati biyu biki. In na kai ki kwantar da ke za su yi, likitocin nan ba abin da suka sani sai wuƙa. Wa zai zauna da ke a can? Wa zai zauna da Umma a nan? Subaida bayanta ba zai ɗauka ba."

"Ni ko warin ɗakin na ji amai nake yi," in ji Subaida daga ciki. "Ba ƙi na yi ba, Allah ya sani. Kowa da yadda aka halicce shi."

"Kin ji. Ki daure, 'yar'uwa. Ana watsewa daga biki, washegari, asibitin kuɗi zan kai ki, ba na gwamnati ba. Ɗaki mai fanka." Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mata ƙwayar zazzaɓi guda huɗu. "Kuma don Allah Talata in sun zo, ki zauna a kicin. Magana in ta fita, har gidan surukai za ta kai."

Talatar ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ramlat ta gama shirya Umma tana dafa bango. Tana fita Subaida ta shigo da kasko, ta zuba turaren itacen da Biran ke ɓoyo don manyan baƙi, har hayaƙi ya turnuƙe ɗakin.

Devika ta sake biyo Sista. Ta ce malaminsu ya dawo mata da takardar, ya ce ba yadda za a yi a rubuta aikin jinya ba ya cin komai. Sai ta ga aikin da idonta, ta auna mintocin da kowane abu ke ɗauka.

"Ba wani abu ba ne, Itha," ta ce wa Subaida, ta fito da agogo. "Ki yi yadda kika saba kawai. Mu fara da juyawa."

Ramlat na jin su ta taga. Ta rage wutar shayi.

Subaida ta yi 'yar dariya, ta tura awarwaronta sama. Ta zagaya gadon ta dama, ta dawo ta hagu. Sannan ta kama hannun Umma, shanyayyen, ta ja.

Ƙarar da tsohuwa ta saki har baranda.

"Wayyo kafaɗata! Sake ni! Wace ce wannan? Ramlat! Ina Ramlat? Ramlat, zo za su karya ni!"

Shekara shida Ramlat na jiran ranar da za a kira sunanta a gaban baƙi. Ba ta san lokacin da ta baro murhu ba. Ta shigo tana jan ƙafa, ta ture hannun Subaida, ta naɗe wa Umma hannu a ƙirji, ta lanƙwasa mata gwiwa, ta kama zanen da ke shimfiɗe ƙarƙashinta ta jawo shi a hankali. Tsohuwa ta mirgina kamar jaririya. Filo a baya, filo tsakanin gwiwoyi.

"Shi ke nan, Umma. Ga ni."

Devika ta manta da agogon. Sista Lilamma kuwa ba gadon take kallo ba. Ƙasa take kallo, inda wani jiƙaƙƙen sawu ya biyo tayil tun daga ƙofa, ƙafa ɗaya, ruwa-ruwa da jini-jini. Ta shaƙi iska ta cikin hayaƙin turaren.

"Gyambon Umma ba ya wari," ta ce a hankali. "Tun ɗazu nake neman inda yake fitowa. Ashe ga inda bandejina ya tafi. Zauna, Itha."

"Sista, shayi na kan wuta..."

"Ya ƙone. Zauna."

Ramlat ta zauna a kujerar da Sista ke zama. Sista ta durƙusa a ƙasa da farin kayanta, ta ɗauki ƙafar ta ɗora a cinya, ta shiga warware tsumman mayafi. Devika ta juya ta fuskanci bango. Sista ta matsa dunduniya, ta matsa tafin ƙafa, ta hau zuwa idon sawu.

"Nan fa? Kina ji?"

Ramlat na kallon hannayen. Su ne dai, waɗanda ta yi shekaru tana hange ta taga, ga su a kan ƙafarta. Ta jira ta ji ɗuminsu. Ta jira.

"Ba na ji, Sista."

"Nan?"

"Ba na ji."

Sai a lokacin hawaye ya zubo mata.

Biran ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa ai dama jibi-jibin nan ya yi niyyar kai ta, ita ce mai ɓoye-ɓoye, tun tana yarinya haka take. Sista ba ta ko dube shi ba.

"Kira direba," ta ce wa Devika. "Da motarmu za mu tafi. Yanzu."

An yanke ƙafar a ƙasan gwiwa kwana biyu bayan nan. Likita ya ce da wata guda da ya wuce ne, yatsa kawai za a cire. Da wata biyu ne, wanki da magani sun isa. An yi biki tana asibiti, aka aiko mata da biriyani a kwano, aka gaya wa dangin ango ta je dubiyar wata gwaggo a garin Kozhikode.

Da aka sallamo ta, aka kafa mata gadon katako a ɗakin Umma, jikin ɗaya bangon. Kwana ashirin kacal ta yi ba ta nan, amma tun daga ƙofa hancinta ya gaya mata. Gyambon da ta shekara tana lallaɓawa ya buɗe, ya haifi wani a kafaɗa. An ɗauko mai jinya ta haya, ta yi kwana tara ta ce aikin na mutum biyu ne, a ƙara mata ko ta tafi. Biran ya ce ba zai ƙara ba. Ta tafi. Katifar iska na nan tana kumbura tana sacewa, ba ta juya kowa ba.

Biran ya zauna a bakin gadon Ramlat, karo na farko tun dawowarsa daga Riyad. Ya rame da gaske yanzu. Ya kawo mata lemo har ya ɓare da hannunsa.

"Ƙaddara ce, 'yar'uwa. Abin da Allah ya rubuta." Ya miƙo mata ɓari. "Na yi magana da likita. Ya ce nan da wata uku za ki iya tsayawa da sanda. Har na ce ko kujera mai taya za a samo, daidai tsayin gadon Umma. Kin ga daga zaune ma ai hannu ne ke aikin..."

Ramlat ta dubi lemon, ta dube shi. Ba ta karɓa ba.

Ranar Talata Sista ta buɗe sabon shafi a littafinta, ta rubuta sunan Ramlat a sama, da manyan baƙaƙe. Ta ajiye kwalin bandeji biyu a kan taga, ɗaya na Umma, ɗaya nata. Ta duba dungulmin, ta tambaye ta barci, ta tambaye ta abinci, ta rubuta duk abin da ta faɗa. Abin da Ramlat ta yi shekara shida tana kishi, ga shi an kawo mata har gado, ba abin da ya rage. Kuɗinsa kawai ta riga ta biya.

A kicin ana ta ƙarar kwanoni. Subaida ce ke neman inda ake ajiye ganyen shayi.

Devika ba ta zauna a baranda ba wannan karon. Ta jawo kujera tsakanin gadajen biyu, ta fito da sabuwar takarda. Biran ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa, wurin tsayuwarsa.

"Masu buƙatar kulawa ta kullum?"

"Biyu," in ji Biran, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba kai nake tambaya ba, Ikka, yi haƙuri." Ta juya ga Ramlat. "Itha, awa nawa kike yi a aikin nan a yini?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba, mole. Ba wanda ya ce aiki ne."

Devika ta rubuta wani abu mai tsawo. Sannan alƙalaminta ya sauko layin ƙasa ya tsaya.

"Sunan mai jinya?"

Ruwa na zuba daga indararo. Biran ya dubi ƙofar kicin, ƙarar kwanoni ta ɗauke ɗif.

Daga ɗaya gadon Umma ta yi nishi. "Ramlat... gefen nan ya gaji. Juya ni, mole."

Jikin Ramlat ya riga tunaninta. Ta yaye zane, ta zuro ƙafa za ta sauka, ƙafar da babu. Sista ta tare ta da sauri. Ta koma ta jingina, tana haki, ta daɗe tana kallon uwarta, uwar na kallonta. Sannan ta ɗaga ido zuwa bakin ƙofa.

"Ikka, Umma na kira."

"Ni? Ai ni ban iya..."

"Shekara shida kana karɓar albarka daga nan inda kake tsaye. Shigo ka ga inda ake samo ta. Cire agogon. Ba hannunta za ka kama ba, zanen za ka kama."

Biran ya dubi Sista, ya dubi Devika. Ba wadda ta kau da kai. Ya cire takalmi, ya tako cikin ɗakin kamar mai shiga ruwan da bai san zurfinsa ba.

"Layin fa, Itha?" Devika ta tambaya a hankali. "Me zan sa?"

"Bar shi fili tukuna," in ji Ramlat, idonta na kan hannayen yayanta da ke laluben gefen zanen. "Nan da awa biyu za a sake juya ta. Ki tambaye ni a lokacin."